Amsa kan tsofaffin sulallan da jihazi ya gano a Abu Hamad

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kuna neman zinariya da jihazi, wato na'urar gano ƙarfe a cikin ƙasa, a yankin Abu Hamad da ke arewacin Sudan, na'urar ta yi kuka a gindin wani kufai, da kuka tona sai ga fasasshiyar tukunya cike da tsofaffin sulalla, wasu da kan mace, wasu da rubutun Larabci. Ka ce wani dillali ya taya su a dunƙule, kana tambaya ko ka wanke su ka sayar masa, ko ka kai wa maƙeri ya narkar. Na daɗe a bakin sikeli a shagon masu sayen zinariya da azurfa, irin waɗannan kuɗi sun sha ratsa hannuna, don haka ga abin da na sani.

Kada ka wanke su. Kada lemun tsami, ko toka, ko soson ƙarfe, balle ruwan batir, ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Baƙin da ke jikin azurfar shi ne shaidar tsufanta, kuma a ƙarƙashinsa rubutun yake kwance lafiya. An taɓa kawo mana wani riyali da mai shi ya kwana yana dirza da yashi har ya yi fari fat, amma shekarar da aka buga shi ta shafe, fuskarsa duk ta yi zane-zane, sai aka auna shi a farashin tsohuwar azurfa kawai. Idan ƙasa ta manne, a jiƙa da ruwa mai tsabta, a shanya a inuwa har ya bushe sarai, sannan a naɗe kowanne a takardarsa daban, ba a leda ba, domin leda tana riƙe danshi. Wanda kuma ka ga yana fitar da wani koren gari mai haske, musamman na tagulla, ka ware shi, don wannan ciwo ne da ke cin ƙarfen har ya huda shi.

Masu kan macen, ina kyautata zaton riyalin Mariya Taraza ne, sarauniyar Ostiriya, wanda Larabawa ke kira Abu Ɗaira saboda mikiya mai kai biyu da ke bayansa. Za ka ga an rubuta 1780 a jikinsa, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Wannan ita ce shekarar da ta rasu, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ba canji, a Biyana da Landan da Faris da Rum da Bombai, har adadinsa ya kai ɗaruruwan miliyoyi, domin mutanen Sudan da Habasha da Yaman da ƙasar Hausa ba su yarda da wani riyali kamarsa ba. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfar ciki kuwa kimanin giram 23. Saboda yawansa, farashinsa bai cika nisa da na azurfarsa ba, duk wanda ya ce maka ka yi arzikin har abada da shi, daɗin baki yake yi maka.

Masu Larabcin su ne abin dubawa da kyau. Ka nemi inda aka rubuta "duriba fi", abin da ya biyo baya shi ne garin da aka buga kuɗin. Idan Misra ne ko Kusɗanɗiniyya, wato Istanbul, kuɗin zamanin Turkawa ne, kuma shekarar da ke ƙasa ta hawan sarki ce, a lissafin Hijira: 1255 ta Abdulmajid, 1277 ta Abdul'aziz, 1293 ta Abdulhamid na biyu, ƙaramar lambar da ke sama kuma tana nuna shekara ta nawa ce a mulkinsa. Idan kuwa ka karanta Ummu Durman, to kuɗin Halifa Abdullahi ne, wanda ya gaji Mahadi a 1885 ya yi mulki har yaƙin Karari a 1898. A wasu za ka ga kalmar "maƙbul", a wasu "umla jadida". Na farkon mulkinsa suna da azurfa mai auki, amma da baitulmali ya yi ta ƙarewa aka yi ta ƙara tagulla, har na ƙarshe suka zama kusan jan ƙarfe da ɗan shafen azurfa a sama. Ka ga ke nan wanda ya narkar da irin wannan ya tashi a tutar babu, ya rasa tarihin, bai kuma sami azurfar ba.

Darajar abin da kuka samu tana cikin kasancewarsa a haɗe. Sulen da ya fi duka ƙuruciya a tukunyar shi ke nuna cewa ba a binne ta kafin shekararsa ba. A ce ƙaraminsu na 1315 ne, wato 1897, to a watan Agusta na shekarar ce sojojin Masar da Ingila suka ƙwace Abu Hamad, kuma mai ilimi zai iya gane cewa wani bawan Allah ne ya ɓoye jarinsa da ya ji ƙarar bindiga, bai sami komowa ba. Da zarar an raba su ɗaya-ɗaya tsakanin abokan tafiya, ko an jefar da fasassun tukunyar, wannan labari ya tafi. Ka ɗauki hoton gaba da bayan kowanne, da ramin, da tukunyar, ka rubuta adadinsu da ranar, ka adana wurin a taswirar wayarka. Amma kada ka saka wurin a wannan zauren tattaunawa ko a Facebook, domin a halin yaƙin da Sudan take ciki tun Afrilun 2023, labarin binnanniyar dukiya yana iya jawo maka masu bindiga kafin ya jawo masu saye. Ku kuma daina tono a kufan. A 2020 masu neman zinariya suka shiga Jabal Maraga da motocin haƙa, wurin tarihi da ya kai kusan shekara dubu biyu, suka mai da shi rami.

Shi kuwa dillalin da ya taya ba tare da ya zauna ya karanta ko ɗaya ba, ko dai ya hango abin da kai ba ka gani ba, ko yana sayen azurfa ne a ƙasa da nauyinta. Kada ka bari ya tafi da ko guda ɗaya da sunan zai nuna wa wani, kada kuma maƙeri ya goga su a dutsen gwaji ya ɗiga musu asid, sikeli da maganaɗisu sun isa, tunda azurfa ba ta kama maganaɗisu.

Sai maganar da na san ba za ta yi maka daɗi ba. Dokar kare kayan tarihi ta 1999 ta ce abin da ya kai shekara ɗari, a cikin ƙasa yake ko a samanta, mallakar gwamnati ne, kuma hukumar kayan tarihi da gidajen tarihi ta ƙasa ce ke da alhakinsa. Fitar da shi waje ba izini laifi ne. Tun da aka wawashe gidan tarihi na Hartum a wannan yaƙi, UNESCO ta yi kira ga 'yan kasuwar duniya a 2024 da su guji sayen kayan tarihin Sudan, saboda haka mai sayen kirki a waje ba zai karɓa ba takarda ba, sai ɗan fasa-ƙwauri, shi kuma farashin ɓarawo yake biya. Ka kuma tuna shingayen bincike da ke kan hanyarka ta komawa gida. Talaka da aka kama da jakar tsofaffin kuɗi ba takarda, bayaninsa ba ya ƙarewa a rana ɗaya.

Ta fuskar addini ma, mutane suna saurin cewa a fitar da humusi a ci sauran. Hadisin humusi a kan rikazi yake, malaman Malikiyya kuma sun fassara rikazi da abin da mutanen jahiliyya suka binne. Tukunyar da ke ɗauke da kuɗin Ummu Durman Musulmi ne ya binne ta, hukuncinta na tsintuwa ne, wadda ake cigiyarta shekara guda, kuma ba mamaki jikokin masu kufan suna nan a garin. Ka kai wa malamin da ka yarda da iliminsa hotunan, ka gaya masa ko filin na wani ne.

Da ni ne, zan sami shehun garin ko limami, mu je da shi da shaidu biyu ofishin hukumar da ke jihar, ko sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Shandi su haɗa mu da jami'in da ya dace. A ƙirga sulallan a gaban kowa, a rubuta nauyi da bayanin kowanne, a ba ka takarda mai hatimi da sunan wanda ya karɓa, ka nemi tukuicinka a rubuce, ko da yake ban ce ka sa rai da abu mai yawa ba. Kafin nan ka turo mini hoton guda uku daga cikin masu Larabcin ta saƙon sirri, gaba da baya, a hasken rana ba na fitila ba, in karanta maka garin da shekarar.