Amsa: Tangaran ɗin da kakata ta bari, ya zan gane ko tsoho ne mai daraja?

'Yar'uwa Allah ya jiƙan kaka. Kin ce faranti shida ne da butar shayi kuma akwai wani ɗan rubutu a ƙasansu, to wannan rubutun shi ne farkon abin dubawa. Ki kife farantin ki ɗauki hoton tambarin da rana. Idan kin ga sunan ƙasa kamar England, galibi bayan 1891 aka yi shi, don a shekarar ne Amurka ta fara tilasta a rubuta ƙasar da kaya suka fito. In kuma Nippon aka rubuta, na Japan ne daga 1891 zuwa 1921. Takubba biyu shuɗɗa da suka gitta juna kuwa tambarin Meissen ne, wata masana'antar tangaran ta Jamus, amma fa an sha kwaikwayonsa, haka ma na Sin, za ki ga sunan sarkin da ya mutu tun tuni a jikin kwanon da bai kai shekara 50 ba, don haka kar ki dogara da tambari kaɗai.

Ki haska tocila ta bayansa, tangaran na ƙwarai haske na ratsa shi har ki ga inuwar yatsunki. Sannan ki ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce, mai lafiya zai yi ƙara siririya kamar ƙararrawa, in kin ji ƙarar ta dushe akwai tsaga ko da ido bai gani ba, kuma tsaga na karya farashi sosai.

Don Allah kar ki goge zanen ruwan gwal ɗin da soson ƙarfe, kar kuma ki liƙe abin da ya fashe da gam. Ki kai wa mutum biyu masu kimanta kayan tarihi, ba wanda zai saya ba.