Kafin ka shimfiɗa tabarma a zaure

Ɗana, saƙonka ya iso. Allah ya sa albarka a aikin da aka ba ka a firamare. Ka ce maƙwabta a unguwar da ka sauka a Garwa, arewacin Kamaru, sun roƙe ka ka riƙa karantar da yaransu Alƙur'ani da yamma, amma dattawa sun ce kada ka fara sai ka je gaida jauro, wato mai unguwa, kai kuwa kana ganin ɓata lokaci ne tunda ba gini za ka yi ba. Ka kuma tambaya ko allo da tawada dole ne a yau da kowane gida ke da waya, ko a riƙa turo kuɗin Laraba ta Orange Money, da kuma abin da za ka ce wa mai neman kujerar da ya yi alkawarin tabarmi da fitila.

Dattawan nan gaskiya suka faɗa maka. Zuwa wurin jauro ba neman izinin karanta littafin Allah ba ne, neman wanda zai tsaya maka ne. Za ka tara 'ya'yan mutane ashirin ko talatin a zaure har bayan magariba, kai kuma baƙo ne a unguwar. Ranar da yaro bai koma gida ba, ko jandarma suka ga taro suka tambaya, ba kai za a fara tambaya ba, jauro za a tambaya. In ya ce "na san shi, ni na ba shi wuri", magana ta mutu. In ya ce bai san da zamanka ba, ka shiga uku. Ka tuna abin da ya faru a Girbidik a Disamban 2014, lokacin da rikicin Boko Haram ya yi zafi a Arewa Mai Nisa: jami'an tsaro suka shiga makarantun allo suka kwashe yara 84, aka riƙe su kusan wata shida. Tun daga wannan zamani, makarantar da ba a san mai ita ba abar tuhuma ce.

Kuma kada ka ɗauka sarautar nan ta riga da rawani ce kawai. Dokar 1977 ta kasa sarakunan gargajiya a Kamaru mataki uku, ta mai da su mataimakan hukuma. A wajenmu galibi lamiɗo ne a sama, lawan a tsakiya, jauro a ƙasa, kuma abin da jauro ya ji yana iya kaiwa kunnen suferefe, jami'in gwamnati mai mulkin gunduma. Saboda haka ka bi tsani daga ƙasa. Kada ka tsallake jauro ka nufi fada don kana da aboki a can. Wanda aka tsallake ba ya mantawa.

Ba ka zuwa kai kaɗai. Limamin masallacin unguwa ko mai gidan da kake haya shi zai yi maka iso, ya sa rana. Ka tafi da safe bayan karin kumallo ko bayan la'asar, da babbar riga da hula, ka cire takalmi tun daga ƙofar zaure, ka zauna ƙasa. Ka riƙe goro, rabin ƙwarya ya isa, wato guda hamsin, mai kyau wanda ba ƙwari a ciki. Ka miƙa wa wanda ya yi maka iso, shi zai gabatar. Shi ne kuma zai fara magana ya faɗi ɗan wane ne kai, a hannun wa ka yi karatu, me kake so. Kai naka shi ne ka amsa abin da aka tambaye ka: yara nawa, ƙarfe nawa ake tashi, akwai masu kwana ko babu. Ka ce babu masu kwana kuma babu bara, ka kuma cika. In unguwar tana da sarkin Hausawa, ka gaishe shi a ranar. In akwai tsohon malami mai makaranta kusa da kai, wannan ziyarar ta fi ta jauro nauyi. Ka je ka ce masa kai ɗansa ne, kuma ba za ka karɓi yaron da ya baro hannunsa ba sai da yardarsa. Yawancin gabar da ake yi tsakanin malamai daga satar almajiri take farawa.

Allo kuwa, a nan nake so ka natsu, domin kai malamin boko ne, ka san darajar gwaji. Abin da ya sa allo ya daɗe ba katakon ba ne, wankin ne. Yaro ba ya wanke allonsa sai malam ya saurare shi ya ce "je ka wanke". Kowane ƙari sai an ci jarrabawar na baya. Ga yadda abin ke tafiya: a rubuta wa yaro, malam ya biya masa yana bin baƙi da yatsa sau uku ko huɗu, ya koma gefe ya yi ta maimaitawa, ya dawo ya karanta, in ya riƙe a wanke a yi ƙari, in bai riƙe ba rubutun ya kwana. Allo cikin tafin hannu yake nuna maka inda kowane yaro ya tsaya. Waya kuwa tana buɗe wa yaro izu sittin a lokaci ɗaya, babu mai ce masa tsaya.

Ga kuma abin da matasa da yawa ba su lura da shi ba. Karatunmu na nan riwayar Warshu ce, mafi yawan Alƙur'anan da ke cikin waya kuwa Hafsu ne. Dukansu ingantattu ne, amma cakuɗa su a kan yaro ɗan shekara bakwai ɓarna ce. Tun a Fatiha za ka ji: mu muna cewa "maliki yaumid dini" ba ja, waya tana jan mim ɗin. Mu "yuminuna", ita "yu'uminuna" da hamza. Mu muna haɗewa mu ce "ƙadaflaha", ita tana rabawa. Lissafin ayoyi ma ya bambanta, Baƙara 285 ce a namu, 286 a na Hafsu. Wanda ya fi kama yara shi ne ɗigo. A rubutunmu fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. A rubutun waya ɗigo ɗaya a sama fa ce, ƙaf biyu gare ta. Yaron da ya yi babbaƙu, wato koyon haruffa, a allo in ka miƙa masa waya zai karanta "fil" ya ce "ƙil", ya iso "falaƙ" ya ce "ƙalaƙ". Uba ya ji a gida ya ce malam bai iya ba. Saboda haka tun ranar farko ka gaya wa iyaye riwayar da kake karantarwa, ka tsaya a kanta har yaro ya sauke. Bayan sauka ya koyi ɗayar, a lokacin ba za ta rikita shi ba.

Kayan aikin ba su da tsada. Allon aduwa ya fi, ba ya saurin tsagewa. In sabo ne yana shan tawada, sai a goge shi sosai a shafa farar ƙasa a bari ya bushe. Tawada kuwa gawayin aduwa ne ko baƙin gindin tukunya, a daka a tankaɗe, a jiƙa ƙaro ya kwana ya narke, a haɗa kamar kashi uku na gawayi da kashi ɗaya na ƙaro, a dama da ruwa kaɗan kaɗan. Ƙaro in ya yi yawa rubutu ya yi ƙyalli, ya yi danƙo, ya ƙi wankuwa. In ya yi kaɗan, da ya bushe sai ya kakkaɓe a rigar yaro. Alƙalami na gamba ne, a fiƙe shi a karkace a ɗan tsaga bakin don ya riƙe tawada. Ruwan wanki kuma ka tanadar masa wuri mai tsarki, rami a gefe da duwatsu ko gindin bishiya, ba makwararar da ake takawa ba.

Kada ka gaggauta fitar da yaro daga babbaƙu zuwa farfaru, wato haɗa baƙi da wasali, don uwarsa tana ƙorafin ɗan maƙwabta ya kai Sabbi. Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗora yatsa a tsakiyar allo ka ce karanta nan. Wanda ya haddace waƙar kawai zai koma farkon sura ya rero ta har ya iso wurin. Wannan cuta ta ƙaru tun da waya ta shigo, domin yara suna jin ƙira'a mai daɗi dare da rana, bakinsu ya riga idonsu.

Ban ce ka jefar da wayar ba. Tana da wurinta, kuma wurin farko kunnenka ne. Harshenmu yana mai da wasu haruffa abin da ba su ba ne, har "walluha" ta zauna a bakin mutane. Ka nemi karatun Warshu na gwanin da aka yarda da shi, Husari na Masar ya yi shi cikakke, ka sauke a katin waya sau ɗaya don kada ka dogara da intanet, ka gyara bakinka kafin ka gyara na yara. Na biyu, bayan ka biya wa yaro ka saurare shi, ka ɗauki ƙarin ranar da muryarka, minti ɗaya ko biyu, ka tura wa uwarsa. Da asuba ta kunna masa yana duban allo. Ƙarin ranar kaɗai, ba sura duka ba. Waya ɗaya ce a zaure, taka, yaro ba ya shigowa da ta gidansu. In ka buɗe wa iyaye zauren WhatsApp, ka kulle shi yadda kai kaɗai ke rubutu, sanarwar hutu da canjin lokaci kawai. Kada hoton yara ya shiga, balle na 'yan mata, kada kuma ka yi wa yaro faɗa a can.

Wuta ba abin dogaro ba ce da bazara, in ruwan madatsar Lagdo da ke ba da lantarki ya ja baya. Da can kowane almajiri da ɗan itacensa yake zuwa a hura wutar karatun dare. Yanzu ƙaramin faifan hasken rana da ƙwan fitila biyu ya ishi zaure. Ka riƙa share masa ƙura kullum a lokacin hunturu, in ba haka ba cajin ba ya cika, kuma kada ka bar batir ko waya ƙarƙashin kwano a zafin Maris da Afrilu, kumbura yake yi.

Lokaci ma sai ka yi dabara. Makarantar allo Alhamis da Juma'a take hutu, boko Asabar da Lahadi. In ka bi duka biyun kai tsaye, yaro ba shi da ranar hutu cikakkiya, kai ma haka. Ka mai da safiyar Asabar da Lahadi lokacin rubutu da ƙari mai yawa, sauran ranaku bayan la'asar a yi ƙari kaɗan da tilawa. 'Yan CM2, ajin ƙarshe na firamare, da ke shirin jarrabawar kammalawa ta CEP ka rage musu ƙari in ta matso, ka cike gurbin a dogon hutu.

Kuɗin Laraba ba kuɗin makaranta ba ne irin wanda ƙungiyar iyaye ke yankawa a firamare. Ba a faɗin adadinsa. Wani dala ashirin zai kawo, wato sefa 100, wani mudun gero, wani ba komai, kuma duk tabarma ɗaya za su zauna. Yaro ke kawowa a hannunsa ya durƙusa ya miƙa, malam ya sa masa albarka, a nan yake koyon cewa ilmi ana girmama shi. In aka mai da shi turawa ta waya, yaron ya fita daga ciki, kuɗin cirewa ya cinye ɗan abin, sannan sunan wanda ya bayar da wanda bai bayar ba ya zauna a rubuce. Uban da ke aiki a Duwala ko Yawunde yana iya turo maka, ba laifi, amma ka ce uwar ta riƙa ba yaron ko dala biyar ya kawo. Sadakar da ake yi in yaro ya kai Sabbi ko Amma ko Yasin ita ma gwargwadon hali ce, ƙosai ko waina a raba wa 'yan'uwansa. Kada ka bari yaro ya tsaya a sura ɗaya wata guda don gidansu ba su da abin sadaka. Haka walimar sauka: zayyana da rago abin farin ciki ne, ba sharaɗi ba.

Mai neman kujera kuwa, ka yi masa godiya, ka ce ya kai kayan hannun jauro da liman da sunan makarantar unguwa, su su kawo. Haka aka saba karɓar kyautar manya, a gaban shaidu, don kada ta zama bashi a wuyan mutum ɗaya. Kada tabarma ta zo da hotonsa ko alamar jam'iyya, kada a kwashi almajirai a kai su taro su yi masa karatu, kada a ɗauki hotonsa a tsakiyarsu. Yaran nan iyayensu ba jam'iyya ɗaya suke ba, kuma kai ma'aikacin gwamnati ne, abin zai iya binka har wurin aiki. In ya nemi addu'a, ka roƙa wa ƙasa zaman lafiya da shugabanni adalai, ya ce amin tare da kowa. In ya ƙi bi ta hannun jauro, ka bar masa tabarminsa, iyaye goma in suka haɗa sefa 500 kowanne za a sami abin shimfiɗa.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba: dorina. Dokar ilmi ta 1998 ta hana dukan ɗalibi a makaranta, ka san wannan daga horonka, kada ka ce zaure daban ne. Yaron da ya ƙi karatu, hana shi wanke allo alhali abokansa na wankewa ya fi bulala ciwo.

Ka fara da yara goma sha biyar, kada ka wuce, har sai ka sami babban almajiri da zai riƙa rubuta wa ƙanana. Ka rubuta sunan kowane yaro da na ubansa da lambar gidansu a littafi, ka kai wa jauro kwafi ɗaya ranar da za ka koma yi masa godiya. In an sa ranar zuwa gaisuwar ka sanar da ni. Ka gaida liman da mai gidanka.

Baffanka.