Littafin gyaran injin yankan ciyawa: a saya ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina Aboabo a Kumasi, sana'ata yankan ciyawa a gidaje da filayen makarantu. Injina na hannu ne da aka shigo da shi daga waje, Briggs & Stratton. Kuɗin gyara ya ishe ni, kuma an ce mini akwai littafin gyara na kamfani. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Kada ka yi gaggawar fitar da sidinka, domin littattafan iri biyu ne. Akwai na mai inji, wanda Briggs & Stratton da Honda ke bayarwa kyauta a shafukansu na intanet, akwai kuma na makanikai, wanda ake sayarwa. Yawancin abin da ke tsayar da inji yana cikin na kyautar: fetur da ya kwana ya toshe kafireta, matatar iska da ƙurar hunturu ta cika, fulogi da ya yi baƙi, baƙin mai da ya ragu. Zai kuma faɗa maka ka cire wayar fulogi kafin hannunka ya kusanci wuƙa. Wannan kam ina roƙonka kada ka yi wasa da shi.

A littafin sayarwa kuwa, lambobin awo kake biya wa kuɗi, kuma amfaninsu sai ranar da ka buɗe cikin inji. A Honda GCV160, alal misali, tazarar bawul na shigar mai milimita 0.15 ce, ta na fitar hayaƙi 0.20. Ido ba ya auna wannan. Haka ma ƙarfin ɗaure notuna: jikin injin sanholo ne, in ka matsa fiye da ƙima zaren ya cinye, in ka sassauta gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin sassan inji, ya ƙone. Na sha ganin inji mai lafiya ya zama gwangwan a hannun mutum mai ƙwazo, saboda kawai ya ɗaure da ƙarfin damtse, kuma abin yana ba ni takaici. To amma lambobin ba za su yi maka komai ba in ba ka da ma'aunin tazara da sifana mai awon ɗauri, sai ka haɗa kuɗinsu cikin lissafi.

Ga wani abin da ya shafe mu a nan. Filayenmu cike suke da duwatsu da kututture. Idan wuƙa ta daki dutse, ɗan makullin da ke riƙe fulawil, wato faifan nan mai nauyi da ke juyawa a saman inji, yakan karye, da gangan aka yi shi mai taushi don ya kare sandar inji. Daga nan wuta ba ta zuwa kan lokaci, inji ya ƙi tashi ko igiya ta fizge maka hannu. Mutane da yawa sai su yi ta canza fulogi da kafireta a banza. Littafin makanikai ne ke nuna yadda ake cire fulawil ba tare da an fasa shi ba.

Saboda haka, in injinka ɗaya ne, sauke na kyauta a wayarka, manyan gyare-gyare kuma ka kai wa makanike a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi. In kana da biyu ko uku, ko kana son gyara ya zama maka sana'a, saya, zai mayar maka da kuɗinsa.

Kafin ka biya, duba jikin injin, ba sunan da ke kan motar yankan ba, don sau da yawa kamfani daban ne ya ƙera kowanne. Briggs na buga jerin lambobi uku a kan murfin fanka ko murfin bawul: samfuri, nau'i, da lambar ƙira, wadda alkalumanta biyu na farko shekarar da aka yi shi ce. Ɗauki hotonsu yanzu, tun tsatsar damina ba ta share su ba, ka nuna wa mai sayar da littafi ko kayan gyara.