Commodore 64 babu na'urar faifai: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Ina tara tsofaffin kwamfutoci. Na ga Commodore 64 ta sayarwa, amma mai ita ya ce babu na'urar karanta faifai. Za ta amfane ni a haka?

Amsa: Saya, ɗan'uwa, muddin kwamfutar kanta lafiyarta ƙalau. Ai tun fitowarta a 1982 haka take, na'urar faifanta mai lamba 1541 daban ake saye, shi ya sa mutane da yawa suka yi ta aiki da kaset. Harshen BASIC, wanda ake rubuta mata umarni da shi, yana cikin ROM ɗinta, wato ma'adanar da ba ta gogewa ko an kashe wuta, don haka da an kunna sai shuɗin allo ya fito da rubutun 38911 BASIC BYTES FREE. Ka sa mai ita ya nuna maka wannan kafin ka biya.

Abin da ya kamata ya tsorata ka shi ne tsohuwar adaftar wutarta. Tana ba da volt 5 na DC da volt 9 na AC, kuma idan ta tsufa ɓangaren 5 ɗin yakan haura, ya ƙona RAM, wato ma'adanar aikin kwamfutar, ba tare da wata alama ba. Auna ta da mitar awon volt tukuna. In ta doshi 5.5, kada ka jona. Ni dai shawarata ka sayi sabuwa.

Gurbin 1541 kuwa, mafi sauƙi SD2IEC ce, wata ƙaramar na'ura mai karanta katin SD a madadin faifai. Ana soka ta a ramin siriyal mai fil 6 da ke baya, galibi tana jan wuta daga ramin kaset. Ka tsara katin SD da FAT32, ka zuba fayilolin D64 (kwafin faifan 1541 a cikin fayil), ka rubuta LOAD"$",8 sannan LIST, sunayen za su jero. Sai dai tana da iyaka. Ita 1541 tana da nata furosesa 6502 a ciki, kuma wasanni da yawa kan tura mata umarni don hanzarta lodi ko hana kwafi. SD2IEC ba ta da shi, sai lodin ya tsaya cak a tsakiya. Irin waɗannan sai Pi1541, wadda ke aiki a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi 3, tana kwaikwayon 1541 gaba ɗaya.

In zuciyarka na kan 1541 ta asali, kada ka yarda da "fitila tana kamawa". Sai ka ga ta karanta faifai da idonka, domin a wasunsu ɓangaren da ke karanta faifan ya mutu, samun madadinsa kuma wahala ne.

Kuma kada ka soka ko ka zare waya kwamfuta na kunne, hakan na iya kashe cif ɗin CIA 6526 mai kula da ramukan.