Yini Ɗaya a Zanzibar: Abin Saye da Abin Bari

Wasiƙun wannan mako na masu shirin hawa jirgin ruwan yawon shaƙatawa ne, irin wanda ke yada zango yini ɗaya a tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, a sauka da hantsi a koma kafin magariba.

"Anti, ni amarya ce, maigida ya biya mana wannan tafiya. An ce idan mutum ya makara a gari jirgin tafiyarsa yake yi. Kwana biyu ke nan ban runtsa ba." Amarya daga Kaduna

Kwantar da hankalinki 'yata, Allah ya ba ku zaman lafiya. Gaskiya ne jirgin ba ya jira, domin ba motar tasha ba ce da za a ce direba dakata saura mutum ɗaya. Amma abu ne mai magani. A bakin ƙofar fita ana rubuta lokacin dawowa, ki ɗauki hotonsa a waya, ki saita agogon hannunki da na jirgi. Manyan jirage sukan tsaya nesa da gaɓa, ƙanana ke jigilar mutane, don haka ku dawo saura awa guda a ɗebi kashin ƙarshe. Ki kuma kula da lissafin Sawahili, su daga ƙarfe shida na safe suke fara ƙirga awa. Idan direba ya ce miki "saa nne", wato awa huɗu, ƙarfe goma yake nufi. Ku sa shi ya nuna muku a fuskar agogo. Tunda karon farko ne, ku biya yawon da kamfanin jirgin ya shirya. Ya fi tsada, amma idan motarsu ce ta makara jirgi na jiranta.

"Ina so na je bakin tekun Nungwi, na ga manyan kunkuru a tsibirin Changuu, na shiga gonar kayan ƙamshi, sannan na yi sari a kasuwa. Wane direba ya fi sauri?" Wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari

Haba Alhaji! Nungwi kaɗai kusan kilomita 60 ne daga tashar jirgi, zuwa da dawowa sun cinye awa uku. Changuu kuma sai da kwalekwale. Zaɓi ɗaya, sauran lokacin ka taka da ƙafa cikin tsohon garin Zanzibar, wato Stone Town, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihin duniya a 2000. Kuma sari ba a yin sa da ido ɗaya a kan agogo, kai ma ka sani.

"Ƙawayena sun ce na sayo musu za'afaran, wai can ya fi araha. Ni kuma ina son zobe mai shuɗin dutsen nan, tanzanait. Nawa zan riƙe?" Hajiya daga Zariya

Hajiya, ki gyara zama, nan maganar take. Zanzibar ba ta noma za'afaran. Kusan kashi 90 cikin ɗari na za'afaran ɗin duniya daga Iran yake fitowa. Kowane fure zare uku kawai yake bayarwa, da hannu ake tsinka, sai an tara fure wajen 150 kafin a sami giram guda. To ta yaya za a cika miki leda da shi a kuɗin kwanon shinkafa? Abin da ake miƙa wa baƙi galibi furen wani tsiro ne daban, ko garin kurkur, ko zaren da aka rina.

Na gani da idona. Wata maƙwabciyata ta kawo min irin wannan tsaraba tana murna, muka jefa tsinke biyar a kofin ruwan ɗumi. Kafin mu ɗauke hannu ruwan ya koma ja kamar zoɓo, zaren ya koɗe ya yi fari. Na gaske a hankali yake saki, ruwan ya zama ruwan ɗorawa, shi kuma zaren yana nan da jansa. Ta riga ta raba wa gida bakwai.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, mace ce da ba ta sayen tumatir ba ta taya sau uku ba. Amma da an sauka daga jirgi sai mu zama wasu mutane. Mai shago ya san awanninki ƙirgaggu ne, ya san gobe kina tsakiyar teku, ba za ki dawo ki ce canza min ba. Da gaggawarki yake ciniki. Mu kuma kunyar komawa gida hannu biyu ta sa mu kwashi tarkace da dalar da kowa ya san yadda aka samo ta a Wapa.

Batun zobe ya fi wannan haɗari. Tanzanait a wuri ɗaya ake haƙo shi a duniya, tsaunukan Mererani kusa da Arusha, inda aka gano shi a 1967. Ba a tsibirin ba. Gilashi mai launi yana kama da shi har ya ruɗi wanda ya fi ki ido, kuma takardar shaidar da shagon ya buga da kansa ba shaida ba ce. Zinari kin san shi, kina da maƙerin da zai gwada miki, ranar buƙata ki sayar. Wannan dutsen wa zai saya a hannunki a Zariya? In ba ki da masanin duwatsu a gefenki, ki bar shi. Haka nan ƙwaryar kunkurun teku, murjanin ruwa da duk abin da aka ce hauren giwa ne, kada ki taɓa ko kyauta ne, fitar da su laifi ne.

Ki sayo abin da ƙasar ke nomawa: kanumfari, kirfa, baƙin masoro. Ki shiga kasuwar Darajani inda 'yan gari ke cefane, ki sayi tsaba, kada ki karɓi gari. Kanumfari ki matsa shi da farce, mai kyau zai yi miki naso na mai. Ki haɗa da zanen kanga, ƙawayen sun sami tsaraba.

"Tunda yini ɗaya ne, ai ba sai da biza ba ko?" Wani matashi daga Sakkwato

Wa ya gaya maka? Mai fasfon Najeriya tun daga gida yake neman bizar Tanzaniya, kuma takan ɗauki lokaci. Ka sa kamfanin jirgin ya rubuto maka takardun da ake bukata kafin ka biya ko kwabo, ka kuma riƙe katin allurar shawara.

"Ina tsoron abinci da wurin salla." Wata baiwar Allah daga Maraɗi

Wannan kam ki saki jiki, 'yar'uwa. Galibin mutanen tsibirin Musulmi ne, masallatai na nan lungu-lungu, akwai ma tsohon masallacin Malindi dab da tashar. Ki ci abin da aka sauke da zafinsa a gabanki, ki sha ruwan gora, hijabinki kuma babu mai yi masa kallo biyu.