Amsa ga mai tambaya kan na'urar haidurojin a akwatin kifi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce kana da akwatin gilashi mai cin lita 60 a ƙauyenku ta wajen Ringim, da jajayen kifin ado guda takwas da 'ya'yan karfasa da yara suka kamo maka a fadama. Wuta takan kwana biyu ba a kawo ba, kuma da asuba sai ka tarar da kifin sun taso sama suna buɗe baki. Tambayarka ita ce ko na'urar nan da ake zuba wa haidurojin feroksaid, ruwan wanke ciwon nan, don ta ba kifi oksijin za ta raba ka da famfon iska, ko kuwa ka riƙa tsiyaya na kemis kai tsaye cikin ruwan.

Ni ina ta wajen Kura, na daɗe ina kiwon tarwada a tankin roba a bayan gida, ina kuma da akwatin gilashi a ɗaki wanda na taɓa sa wa irin wannan na'ura. Tana aiki, ba damfara ba ce. Amma abin da take bayarwa kaɗan ne, kuma iskar oksijin kawai take bayarwa. Sauran aikin famfo ba ta yin ko ɗaya.

Haidurojin feroksaid ruwa ne mai ɗauke da rarar oksijin. In ya gamu da abin da ke tayar da shi, sai ya rabu gida biyu, ruwa zalla da oksijin. Kumfar da kake gani in an zuba shi a kan ciwo, ita ce iskar tana fita. Na'urar da ta fi suna ita ce Söchting Oxydator, ƙirar Jamus. Kwalba ce da ake cika wa da haidurojin, a jefa 'yar ƙwayar da ke tayar da shi, ɗaya ko biyu, a ciki, a rufe, a kife ta a kan mazaunin tangaran a ƙasan akwatin. Ƙwayar tana tayar da iska kaɗan-kaɗan a cikin kwalbar, iskar ta tura ruwan maganin ta wata 'yar kafa, shi kuma da ya taɓa tangaran sai ya farfashe. In ka durƙusa ka haska da tocila za ka ga wasu ƙananan kumfa, ba su kai ƙwayar gero ba, sun lulluɓe gindin tangaran, wasu suna narkewa tun kafin su kai rabin hanya. Ba ƙara, ba waya, ba batir. Da dare ɗakin shiru yake, kuma na ga bambanci a kifina da asuba.

Yanzu ga lissafin da masu talla ba sa tsayawa a kai. A jikin kwalbar kemis za ka ga an rubuta kashi 3 cikin 100 ko kashi 6. Mai kashi 3 yana fitar da iska ninki 10 na yawansa, mai kashi 6 kuma ninki 20. Wato mililita 100 na mai kashi 6 zai ba ka kusan lita 2 na oksijin, nauyin kusan giram 3. A ruwa mai ɗumi, kifin da nauyinsa ya kai kilo ɗaya yakan ci tsakanin miligiram 200 zuwa 400 a awa guda, a ƙiyasi. Ka ga ke nan abin da na'urar za ta ɗauki makonni tana sakewa a hankali, kilo ɗaya na kifi zai cinye shi a dare guda. Shi ya sa nake ce wa masu tankin tarwada su ajiye wannan magana gaba ɗaya. An yi ta ne don ɗan akwati mai ƙananan kifi kaɗan, ta zama ƙari a kan abin da ruwa ke sha daga sama. Ita tarwada ma in ta girma tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar waje da ita, shi ya sa take jure ruwan da zai kashe wani kifin. Jan kifin adonka ba shi da wannan baiwa, karfasa ma haka.

Zafinmu kuma yana da nasa hukunci. Ruwa mai sanyin digiri 20 yana riƙe oksijin wajen miligiram 9 a kowace lita. A digiri 30 ya sauko kusan 7 da rabi, a 35 kuma wajen 7. A daidai lokacin ne jikin kifi ke ƙara neman iska, domin zafi na hanzarta komai a jikinsa. Daga Maris zuwa Mayu, ɗaki mai rufin kwano ba siling, ruwan akwati yakan haura digiri 30 tun kafin la'asar. Na'urar ma da zafi take gudu: kwalbar da za ta yi min makonni a hunturu, da bazara sai in ga ta faɗa da sauri. Wannan yana da ɗan amfani, tunda lokacin ne kifi suka fi buƙata, sai dai in ba ka leƙawa za ta ƙare ba ka sani ba. Haka kuma cutarwar haidurojin ga kifi tana ƙaruwa in ruwa ya yi zafi, don haka ma'aunin da wani ya rubuta a ƙasar sanyi kada ka ɗauke shi yadda yake.

Abin da ya fi damuna a maganarka shi ne tsammanin cewa iska ce kaɗai matsalar. Famfo ba kumfarsa ce ta fi amfani ba, motsa saman ruwa da yake yi shi ne aikin. Ta nan oksijin ke shiga, ta nan kuma iskar kabon da kifi ke fitarwa take fita. Na'urar haidurojin ba ta motsa ruwa. Ba ta kuma taɓa amoniya, dafin da kifi ke fitarwa da wanda ke tasowa daga kashi da ragowar abinci. Ƙwayoyin halittar da ke cinye amoniya a cikin soson filta, wato matatar ruwan akwati, suke zaune, kuma sai ruwa na ratsa su suke rayuwa. In wuta ta kwana biyu babu, za ka iya samun ruwa mai isasshen oksijin amma kifi na mutuwa da dafi. Jajayen kifin nan ma'abota ci ne da yawan kashi, takwas a lita 60 sun riga sun yi yawa tun kafin a ƙara musu karfasa. In akwai ciyayi ko koren gansakuka a ciki, su ma da dare oksijin suke ci, shi ya sa asuba ce lokacin da abin ya fi tsanani.

Tsiyaya shi kai tsaye kuwa, ni ban yarda da shi ba sai a halin ceto, lokacin da kifi suka taso kuma ba wata hanya. Ma'aunina shi ne mililita 1 na mai kashi 3 ga kowace lita 10 ta ruwa. Wannan zai ƙara kusan miligiram 1.4 na oksijin a lita. Akwatinka in an cire tsakuwa da ratar sama bai fi lita 50 ba, mililita 5 ke nan. In mai kashi 6 ne a hannunka, rabin haka. Ka auna da sirinji, ba da murfin kwalba ko cokali ba. Ka ɗebi ruwan akwatin cikin kofi, ka gauraya a ciki, sannan ka zuba a warwatse nesa da inda kifin suka taru, kana motsa ruwan da hannu. Kada ka ƙara don ka ga ba su kwanta nan take ba. Wani maƙwabcina ya tuttula wa nasa ba awo, washegari na ɗaga marfin kunnen ɗaya daga cikin matattun, jan naman nan da kifi ke numfashi da shi ya koma fari-fari ya tattare. Kifi ya shaƙe ke nan a tsakiyar ruwa mai cike da iska. A Amurka an amince da haidurojin a matsayin maganin kifi tun 2007, amma da awo da ƙayyadajjen lokaci ake yi.

Kada ka kusanci irin haidurojin na masu gyaran gashi, akwai wasu haɗe-haɗe a ciki. Mai ƙarfi na kashi 30 ko 35 kuma yana ƙona fata, ɗigo ɗaya yatsa zai yi fari fat yana zogi, ido kuwa ba a magana. Ba kayan gida mai yara ba ne. Na kemis ɗin ma haske da zafi suna kashe shi, kuma wanda ya daɗe a kanta a shagon kwano yana iya zama ruwa kawai. Don ka gwada shi, ka yanka ɗanyen dankalin Turawa ka ɗiga masa. In ya yi kumfa yana da rai. Irin na'urar da ake haɗawa a gida da kwalbar magani da huda da allura, ban ba ka shawara ba, don ranar da kifi ya ture ta ko kafar ta buɗe, maganin duka zai juye lokaci guda.

Da ni ne kai, kuɗin da zan kashe a kan na'urar nan, wadda sai an yi odarta daga waje, zan fara sayen ɗan famfon iska mai aiki da fawa bank ko batir, irin wanda ake samu wajen masu kayan kifi a Kano. Wutar da yake ci ba ta kai ta cajin waya ba, ƙaramin faifan sola ya ishe shi. Ranar da ba wuta ka daina ba su abinci, lafiyayyen kifi yana kwana biyu ko uku bai ci ba babu abin da zai same shi. Ka canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, amma ruwan rijiya ko burtsatse da aka jawo yanzu ba shi da iska sosai, sai ka sheƙa shi daga bokiti zuwa bokiti sau da yawa kafin ka zuba. Ko cikin dare ka ji suna ta da hankali, ɗebo da moɗa ka riƙa zubawa daga sama na 'yan mintuna. Ka kawar da akwatin daga taga, ka buɗe murfinsa. Bayan duk wannan, in hali ya yi ka samu na'urar, ka sa ta da mai kashi 3 da ƙwaya ɗaya tukuna.

Karfasan kuma ka fitar da su yau ɗin nan zuwa baho ko randa, za su girma su riƙa cizon jajayen. Kuma in aka dawo da wuta bayan dogon lokaci, kada ka bari filta ta tashi haka nan. Cire soson ka matse shi a cikin ruwan da ka ɗebo daga akwatin, ka zubar da ruwan da ya kwana a cikinta, sannan ka kunna.