Re: Ƙananan kifin da ke tsakiyar tafki 'ya'yan manya ne?

Malam, ka ce ka ga ƙananan kifi sun taru ƙarƙashin fitila a tsakiyar tafkin Kainji da daddare, kana tambaya ko 'ya'yan karfasa ne. Gaskiya da wuya. Yawancinsu warangi ne, kuma ko sun tsufa ba sa wuce tsawon ɗan yatsa, haka Allah ya halicce su. Su ne suka mamaye tsakiyar ruwan tun bayan da aka gama dam ɗin a 1968.

'Ya'yan karfasa kuwa, a wasu nau'o'inta uwa ce ke riƙe su cikin bakinta, in ta sake su sai su maƙale bakin gaɓa cikin ciyawa inda ruwa bai da zurfi kuma akwai ɗumi, don tsakiya ba wurin ɓuya, kifaye masu cin ƙananan kifi irin su tsage da giwan ruwa na jira kawai.

Abin da ke riƙe warangi a can abinci ne, wasu mitsi-mitsin halittu da ido da ƙyar yake gani, da rana su nutse ƙasa, dare na yi su taso sama, kifin su biyo su, shi ya sa ka gan su a wannan lokacin. Ɗebi ruwan a farar roba ka haska da tocila, za ka ga ɗigo-ɗigo suna tsalle.

Ni abin da ke ɓata min rai masu jan taru mai ƙananan ido a bakin gaɓa ne, wai warangi suke nema amma har 'ya'yan karfasa suke kwasowa.